Ikko a Wuni Guda

  

Duk wadda ta tashi a Shagari ko Boɗinga ta san kwaltar nan da ta ratsa garuruwanmu. Dare da rana manyan motoci ba sa yankewa a kanta, wata da shanu, wata da albasa, wata da samarinmu 'yan ci-rani zaune a saman kaya sun naɗe fuska saboda iska. In kika miƙe ta kika yi kudu za ki wuce Tambuwal da Jega da Koko da Yawuri da Kwantagora, ki haye kogin Kwara a Jebba, ki faɗa Ilori, ki wuce Oyo da Ibadan, ba za ta tsaya da ke ba sai ta dangana da ruwan gishiri. To nan ne Legas, wadda iyayenmu suke kira Ikko, kusan kilomita 1,000 daga ƙofar gidanmu.

Ta wannan kwalta ake tafiya da amarenmu. A ɗaura wa yarinya aure da mai sana'a a kurmi, a sa ta a mota da kayan ɗakinta, tana kuka uwa tana kuka. A kai ta Agege ko Idi-Araba ko Mile 12 a ajiye a ciki da falo, ta yi shekara biyar, shida, ta haifi 'ya'ya, amma in kin tambaye ta yaya Ikko take, sai ta ce miki zafi da sauro da hayaniya. Ko teku ba ta taɓa gani ba. A ranta ta riga ta yanke cewa ita baƙuwa ce, raɓa, a garin da ba ta da gadon ko allura, kuma da wannan tsoro take renon 'ya'yanta. Alhali kuwa kakanninmu sun fi shekara 200 suna taka ƙasar nan, sawunsu yana nan bai goge ba. Wuni guda da mota guda sun isa mace ta gan shi da idonta.

Ni na bi wannan sawu lokacin da na je zaman jegon ƙanwata a Agege. Bayan an yi arba'in muka roƙi maigidanta, ya amince, ya ɗaukar mana shatar mota ta wuni guda, ya haɗa mu da ƙanensa ya raka mu. Wadda za ta yi irin wannan fita, ga shawara. A gama ciniki da direba tun daren, a san kuɗin mai a wuyan wa yake, da ƙarfe nawa za a dawo. A zaɓi ranar Asabar, don ranakun aiki go-sulo kaɗai ya isa ya cinye miki wunin. A fita da an sallame sallar asuba. A nemi direba dattijo wanda ya san gari, a kuma riƙe ruwa da abin taɓawa da dardumar salla. Namu direban Bayarabe ne haifaffen Agege, Hausa a bakinsa kamar jakin Kano, Baba muke ce masa.

GADAR RUWA

Gari yana fara haske muka hau doguwar gadar da suke kira Third Mainland. Kai 'yar uwa, gani ya kori ji. Tsawonta ya kusa kilomita 12, hagu ruwa dama ruwa, ga masunta a ƙananan jirage suna jefa taru, ga gidajen katako a tsaye kan ruwa. Ƙanwata ta rungume jaririnta tana ta salati. Sai Baba direba ya waiwayo ya ce, "Hajiya, ba ku kuka ce daga Shagari kuke ba? Ai kashin farko na gadar nan mutumin garinku ne ya buɗe shi." Haka ne kuwa. Alhaji Shehu Shagari ya buɗe kashin farko a 1980, Janar Babangida ya buɗe ta gaba ɗaya a 1990.

Asalin Legas tsibiri ce, ruwa ya kewaye ta. Masu garin suna kiranta Eko, daga nan bakinmu ya juya ta zuwa Ikko. Sunan Legas kuwa Turawan Fotugal suka laƙaba mata, ma'anarsa tafkuna, saboda yawan ruwan da suka tarar.

INDA AKA SAYAR DA MU

Muna sauka daga gada sai ga mu a Isale Eko, wato tsohon gari, kamar ki ce cikin birni a Kano. Lunguna matsattsu, kasuwa ko'ina. Fadar sarkinsu, Oba, tana nan, ana kiranta Iga Idunganran. Daga waje muka tsaya muka dube ta. A wannan unguwa labarinmu ya fara, farkonsa kuwa babu daɗin ji.

Shekarun da suka biyo bayan 1804 ƙasar Hausa tana cikin yaƙe-yaƙen jihadi, can kudu kuma daular Oyo ta Yarabawa ta kama hanyar rugujewa. A wancan zamani inda duk aka yi yaƙi sai an kama mutane, ga kuma 'yan samame waɗanda ba ruwansu da addini, su dai su sami na sayarwa. Wanda aka kama sai ya yi ta canza hannu, daga kasuwa zuwa kasuwa, har ya iso bakin ruwa, ko Ikko ko Badagry ko tashoshin da ke yamma da su. Nan jiragen Fotugal da na Birazil suke jira, a miƙa mutum a karɓi taba da giya da bindiga da kuɗin wuri. Shehu Usmanu da almajiransa sun yi wa'azi mai zafi a kan sayar da ɗa Musulmi, amma kwaɗayi ba ya jin wa'azi.

Yawancin Hausawan da aka fitar ta nan maza ne majiya ƙarfi, kuma wani yanki na Birazil aka kai su mai suna Bahiya, aikin gonakin rake. Ba su kwanta ba. A 1807 an bankaɗo shirin tawayen da Hausawa suka ƙulla, aka yi wani a 1809, aka sake wani a 1814. Sannan a watan Janairun 1835, cikin goman ƙarshe na azumi, bayi Musulmi, yawancinsu Yarabawa tare da wasu Hausawa, suka fito titunan birnin Salvador da fararen riguna. An murƙushe su a daren. Da aka bincike jikinsu da ɗakunansu sai ga layu, ga takardu masu ayoyin Alƙur'ani, ga alluna irin waɗanda ƙannenmu suke rataya su tafi makarantar allo. Ki tsaya ki yi tunani 'yar uwa, kowane ɗayansu akwai uwar da ta yi naƙudarsa, ta mutu tana duban hanya.

A ƙarshen 1851 jiragen yaƙin Ingila suka yi wa tsibirin ruwan wuta, suka kori Sarki Kosoko, suka ɗora Akitoye wanda ya yarda a daina cinikin bayi. A 1861 ɗansa Dosunmu ya sa hannu ya miƙa musu garin. Da sunan hana cinikin bayi suka shigo, sai da suka yi shekara 99 kafin su sauke tutarsu.

Gaba kaɗan akwai dandalin Tinubu. Sunan wata mace ce attajira, Madam Tinubu, wadda ta yi ƙarfi har sarakunan Ikko ba sa yanke shawara sai da ita, har sai da aka kore ta zuwa Abeokuta a 1856. Ta rasu a 1887. Ana yaba mata ƙoƙari da ƙarfin zuciya, amma cikin hajarta har da mutane. Na faɗi wannan don kada mu ɗauka zunubin maza ne kaɗai.

Daga nan Baba ya kai mu masallacin Shitta-Bey, ɗan ƙarami mai ado, a tsakiyar kasuwa. An buɗe shi a 1894. Wanda ya gina shi da dukiyarsa, Muhammadu Shitta, a Saliyo aka haife shi, iyayensa bayi ne da aka kuɓutar daga jirgi. Maginin da ya tsara shi kuma daga cikin waɗanda suka dawo daga Birazil yake, shi ya sa fasalinsa ya bambanta da masallatanmu. Har Sarkin Daular Usmaniyya na Turkiyya ya aiko wakili ranar buɗewa, ya ba shi laƙabin Bey. Wato 'ya'yan waɗanda aka fitar da sarƙa su ne suka dawo suka tayar da ɗakin Allah. Babban masallacin Juma'a na tsibirin, mai dogayen hasumiyoyi, wanda aka buɗe a 1988, yana nan kusa, taku kaɗan ne.

FILIN SUKUWA

Wajen ƙarfe goma muka iso filin Tafawa Ɓalewa. Tun daga nesa za ki hango manyan gumakan fararen dawakai da jajayen gaggafa a saman ƙofa. Da can filin sukuwar Turawa ne. A nan, tsakar daren 1 ga Oktoba 1960, aka sauke tutar Ingila aka ɗaga kore da fari, Alhaji Abubakar Tafawa Ɓalewa, malamin makaranta daga Bauchi, ya karɓi ƙasa a matsayin firayim minista. Shekara biyar da 'yan watanni sojoji suka ɗauke shi daga gidansa a nan Ikko, a juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, suka kashe shi.

A wannan fili dai, ranar 1 ga Oktoba 1979, wani malamin makarantar ya tsaya ya yi rantsuwa. Shi ne namu, Alhaji Shehu Usman Aliyu Shagari, Turakin Sakkwato, ɗan Magajin Shagari. An haife shi a 1925, ya yi koyarwa, aka zaɓe shi majalisar wakilai ta Ikko a 1954, ya riƙe ministoci daban-daban a gwamnatin Ɓalewa, ya riƙe ma'aikatar kuɗi a zamanin Gowon. A zaɓen 1979 ya tsaya a jam'iyyar NPN, ya kara da Awolowo da Azikiwe da Malam Aminu Kano da Waziri Ibrahim. Janar Obasanjo ya miƙa masa mulki a gaban jama'a. Mu ba a haife mu ba a lokacin, amma iyayenmu mata suna ba mu labarin yadda aka kewaye rediyo a ranar, ana guɗa gida-gida. Na tsaya a filin ina kallon kujerun siminti babu kowa a kansu, na tuna ranar da muka ga motoci sun cika garinmu a ƙarshen Disambar 2018, aka kawo shi gida aka binne yana da shekara 93.

BAƘAR MARSANDI

Kusa da filin akwai gidan adana kayan tarihi na Onikan, wanda aka buɗe a 1957. Ana biyan kuɗin shiga. A ciki akwai kawunan yumɓu na Nok daga kudancin Kaduna, da kayan tagulla na Benin, da sauran abubuwa. Amma abin da ya tsayar da mu wata baƙar Marsandi ce a wani ɗaki ita kaɗai, jikinta duk hujin harsashi.

A cikinta aka kashe Janar Murtala Muhammad, ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1976, yana hanyar ofis da safe, go-sulo ya tsayar da shi a Ikoyi. Ba shi da jerin gwanon motoci, ba jiniya. Dogarinsa, wani saurayi Bayarabe mai suna Laftanar Akinsehinwa, tare suka mutu. Kwana 200 kacal Murtala ya yi yana mulki. Kwana goma kafin rasuwarsa, ranar 3 ga Fabrairu, ya mayar da jihohi 19, a nan aka haifi Jihar Sakkwato da muke ciki, kuma shi ya yanke shawarar a ɗauke babban birni daga Ikko a kai Abuja. Kullum muna riƙe hotonsa a jikin naira ashirin muna miƙa wa mai kayan miya, ba ma ko dubawa. Ƙanen mijin ƙanwata, saurayi mai yawan surutu, tun da ya ga motar nan bai ƙara cewa uffan ba sai da muka fito.

OBALENDE DA BARIKI

Azahar a Obalende ta same mu. Muka yi salla, muka sayi tsire da balangu wajen 'yan uwanmu, don unguwar ta yi suna a kan nama. Hausa kike ji ta ko'ina, kuma ba jiya aka fara ba.

A 1863 wani jami'in sojan ruwa na Ingila mai suna Glover, wanda ya riƙe gwamnan Ikko, ya tara wasu Hausawa, yawancinsu bayi da suka gudo daga hannun iyayengijinsu a ƙasar Yarabawa, ya ba su kaki da bindiga. Aka riƙa kiransu Hausawan Glover. Rundunar sojan Najeriya ta yau daga wannan shekara take ƙirga shekarunta. Masu ba da tarihin garin suna cewa da farko kusa da filin sukuwa aka zaunar da su, daga baya aka tashe su aka kawo su nan, shi ya sa ake fassara sunan Obalende da "inda sarki ya koro mu".

Sun yi wa Bature yaƙi a ƙasar Asante a 1873 zuwa 1874. Daga irin waɗannan ƙananan rundunoni aka harhaɗa babbar rundunar da Gwamna Lugga ya aika ta ci Kano, sannan ta ci Sakkwato ranar 15 ga Maris 1903, Sarkin Musulmi Attahiru ya yi hijira har ya yi shahada a Burmi. Turawan da ke cikin rundunar 'yan kaɗan ne, masu riƙe da bindigogin yawanci baƙaƙe ne, Hausawa da Yarabawa. Wannan magana tana da ɗaci, amma gaskiya ce. Mutumin da aka raba da gida aka sayar, ba shi da uwa ba shi da dangi, wanda ya ba shi abinci da sutura shi ne ubangidansa. Komai nisan jifa ƙasa zai faɗo.

A gefen Obalende ne Dodan Barracks yake, a kan titin Ribadu. Muna yara in mun ji sunan a rediyo sai mu ɗauka wani dodo ne yake zaune a ciki. Ashe Dodan sunan wani wuri ne a ƙasar Bama, inda sojojinmu suka yi yaƙi a yaƙin duniya na biyu. Daga Gowon a 1966 har zuwa 12 ga Disamba 1991, lokacin da Babangida ya tare a Abuja, daga nan ake mulkin Najeriya. Nan Shagari ya zauna shekara huɗu da wata uku, har sojoji suka hamɓarar da shi ranar 31 ga Disamba 1983. An tsare shi sai 1986, sannan aka mayar da shi garinmu aka ce kada ya fita. Wanda jiya ake busa wa bigila, yau ga shi a zaure yana karɓar gaisuwar manoma. Duniya rawar 'yan mata. Nan kuma aka kai wa hari a watan Afrilun 1990, lokacin da Manjo Gideon Orkar ya hau rediyo ya ce ya cire jihohin Sakkwato da Kano da Katsina da Barno da Bauchi daga Najeriya. Allah bai ba shi nasara ba. Har yau bariki ne na soja, daga mota muka duba muka wuce, kuma kada ki kuskura ki ɗaga waya da sunan ɗaukar hoto.

BAKIN TEKU

Bayan la'asar muka nufi teku. Tsofaffin 'yan Ikko za su ce miki ki je Bar Beach, to babu ita yanzu. Nan ne wurin shan iskar kowa da kowa a da, nan kuma ake ɗaure 'yan fashi a jikin durom a harbe su a bainar jama'a tun daga 1971. An cike wurin da yashi ana gina sabon gari mai suna Eko Atlantic. Sai da muka yi gaba wajen Lekki, muka biya kuɗi, sannan muka taka rairayi.

Mu da muka saba da gulbi da fadama da madatsar ruwan Shagari, ba mu da kalmar da za mu kwatanta wannan abu. Ruwa ne ba gaɓa, ya haɗe da sama, yana tasowa kamar bango yana faɗuwa da ruri. Ƙanwata ta ce, "Yaya, shekarata shida da wannan abu a bayan ɗakina." Ta ɗebi ruwan ta ɗanɗana, ta tofar. Kada ki shiga ciki, igiyarsa tana jan mutum, ki riƙe hannun yara gam.

In kika fuskanci teku, hannun damanki can yamma Badagry take. Ba ta shiga cikin wuni guda, sai an ware mata nata. Can akwai sarƙoƙin bayi da aka adana, da hanyar rairayi da ake bi da su zuwa jirgi. Amma tana da wata alaƙa da mu. Wani Baturen Ingila, Kyaftin Clapperton, ya zo Sakkwato ta hamada a 1824, ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, suka tattauna kan ciniki da kuma hana kai bayi bakin teku. A zuwansa na biyu ta Badagry ya sauka, ƙarshen 1825, ya keto ƙasar Oyo da Bussa da Kano har Sakkwato, ajali ya same shi can a watan Afrilun 1827. Cikin masu yi masa tafinta akwai wani Bahaushe da Turawa suke kira Pasko, wanda shi ma sayar da shi aka yi, jirgin Ingila ya kuɓutar da shi a teku. A 2024 gwamnati ta ƙaddamar da aikin sabon babban titi daga Illela zuwa Badagry. Hanyar kuwa tsohuwa ce, ƙafafun mutane sun daɗe da share ta.

GORO

A hanyar komawa Baba ya bi da mu ta gadar Carter, wadda aka fara ginawa a 1901, ya nuna mana tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Iddo. Daga nan dogo ya tashi, ya isa Ibadan a 1901, ya isa Kano a 1911. Wannan dogo shi ya canza fataucin goro.

Kafin zuwansa, goron da ake ci a ƙasar Hausa daga Gwanja ake ɗauko shi, a arewacin Gana ta yau. Fatake su tashi da ayarin jakuna, wasu ta Jega da Yawuri, su haye Kwara, su yi watanni a hanya, wani ya dawo wani bai dawo ba. Da jiragen ruwa suka yawaita sai masu wayo suka gane sauƙi, a ɗora huhun goro a jirgi daga gaɓar Gana zuwa Ikko, daga nan a yi arewa da shi. Alhassan Ɗantata, wanda ya rasu a 1955, yana cikin waɗanda suka yi wannan fatauci kafin ya shiga gyaɗa. Daga baya manoman Agege da kewaye suka shiga dashen goro da kansu, ga tashar jirgi a ƙofar gona. Sai Hausawa suka kafa zango kusa da tashar, matan Yarabawa su ɓare su wanke su kawo, namu su zaɓa su naɗe a ganye su ɗaure huhu su loda. Zango ya zama unguwa, aka yi masallatai da makarantun allo, aka naɗa Sarkin Hausawa. Mahauta da dillalan shanu suka biyo baya, ga babbar mayanka a Oko-Oba har yau.

Da yamma muka tarar da wani tsoho maƙwabcinsu a ƙofar gida, na gaishe shi na tambaye shi asalinsa. Ya ce, "Ɗiyata, ubana jirgi ya kawo shi wanga gari da huhun goro, nan aka haife ni, nan na binne shi. In an ce in tafi gida, ina za ni?" Ke da aka raba goron ɗaurin aurenki a ƙofar gidanku, aka raba na sunan ɗanki, ki sani ta irin waɗannan hannaye ya biyo.

ABIN DA YA RAGE GARE MU

Ba zan ɓoye miki ba, zaman bai zo da daɗi kullum ba. An yi rikici tsakanin namu da masu gari a kasuwar Mile 12 a watan Nuwambar 1999, an yi a Idi-Araba a watan Fabrairun 2002, an sake yi a Mile 12 a watan Maris 2016. An rasa rayuka, an ƙona gidaje da rumfuna, mata suka kwana a bariki da goyo. Sau da yawa ƙaramar magana ce take zama gobara, saboda kowane ɓangare bai san ɗan uwansa ba sai a bakin ciniki.

A nan aikinmu yake, mu mata, don mu ne muke wuni da yara. Wadda ta san tarihin nan ba za ta koya wa ɗanta rakuɓewa kamar ɓarawo ba, tunda kakanninsa sun yi wa garin gumi da jini. Haka kuma ba za ta koya masa girman kai da raina masu gari ba, tunda ta san ƙasar tana da masu ita, suna da sarkinsu da al'adarsu, da yawansu ma 'yan uwanmu ne Musulmi, ta kuma san a tarihin nan hannun kowa bai fita fes ba. Ki koyi gaisuwarsu ko da "e karo" ce, wato ina kwana. Ki aika wa maƙwabciyarki tuwon salla. Ranar tashin hankali, Allah ya kiyaye, ƙofar da kika saba ƙwanƙwasawa ita za ta buɗe miki.

Ku kuma iyayengijinmu maza da littafin nan zai faɗa hannunku, muna roƙo da ladabi. Wuni guda a shekara ba zai karya jari ba. Ku ɗauki shata ku fita da iyali, ko ku haɗa su da muharrami, su ga inda suke zaune. Fita neman sani cikin sutura da izini ba baƙon abu ba ne ga matan ƙasarmu. Nana Asma'u 'yar Shehu, wadda ta rasu a 1864, jajinta daga ƙauyuka suke tasowa a ƙafa da 'yan taru su zo Sakkwato ɗaukar karatu, su koma su karantar da na gida.

Ke kuma ƙanwata da ake shirin sa ki a mota, share hawayenki. Tafi da tarbiyyar gidanku da sallarki da harshenki, ki koya wa 'ya'yanki sunan garin kakanninsu, ki kuma koya musu tarihin garin da suka buɗe ido a ciki.

Allah ya ji ƙan waɗanda aka ƙetare da su ba su dawo ba, ya ji ƙan shugabanninmu da suka riga mu gidan gaskiya, ya kai matafiyanmu lafiya ya dawo da su lafiya, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin summa amin. Sai mun haɗu a rubutu na gaba in Allah ya kai mu.